Daga Titin Lincoln Zuwa Ruwan Zartsin Pecos

Kwana biyu suka rage mini a Amurka lokacin da ƙanena, wanda ke karatu a birnin Albuquerque na jihar New Mexico, ya ce, "Yaya, faɗi inda kake so in kai ka kafin ka koma." Na ce ya kai ni ƙasar kaboyi. Duk wanda ya tashi a zamaninmu ya san abin da nake nufi. Mun sha zama a bencin silima, ko a tsakar gidan maƙwabci mai talabijin, muna kallon mutum bisa doki da malafa, bindiga a ƙugu, muna jiran sa'ar da akta zai gamu da bos. Sunan da ya zauna mini a kai tun lokacin shi ne Billy the Kid, wato Yaro Billy. Ƙanena ya duba taswira a waya, ya ce garin da aka yi rigimar tasa yana nan har yau, sunansa Lincoln, tafiyar kamar awa uku ce.

Muka yi asubanci. Watan Oktoba ne, iska na kaɗawa irin ta farkon hunturu. Muka miƙa kudu a kan babbar hanya mai lamba 25, kogin Rio Grande na gefenmu, sannan muka karya gabas a hanya mai lamba 380. Fili ne fetal, sai ƙananan itatuwa da busasshiyar ciyawa, sai duwatsu can nesa sun yi shuɗi. Gab da Carrizozo hanya ta ratsa wani baƙin dutse shimfiɗe kamar an zubar da kwalta, narkakken dutse ne da ya kwararo daga ƙasa shekaru dubbai da suka wuce ya daskare a nan. Daga nan muka fara hawa, muka wuce Capitan, muka gangara wani kwari mai ɗan rafi da ake kira Rio Bonito. Itatuwan bakin rafin duk ganyensu ya koma rawaya.

Lincoln titi ɗaya ne tak. Za ka taka shi daga wannan baki zuwa wancan kafin shayinka ya huce. Abin da ya fara kama idona shi ne ginin: gidajen ƙasa ne, da tubali da yaɓe, katanga mai kauri, an jera gungumen itace an yi rufi kamar yadda ake jera azara. Na dafa wata katanga na ji sanyinta a tafin hannuna, na tuna ɗakin kakata. Su suna kiran wannan tubali adobe, kalmar da Sifaniyawa suka aro daga Larabci. A tsakiyar garin akwai wata hasumiyar dutse zagayayyiya kamar babban rumbu, da ƙananan ramuka a jikinta na zura bakin bindiga. Manoma masu jin Sifaniyanci da suka kafa garin a shekarun 1850 ne suka gina ta, su shige ciki in Apache, wata al'umma ta 'yan asalin ƙasar, sun kawo hari. A lokacin sunan garin La Placita. Sai a 1869 aka raɗa masa sunan shugaba Abraham Lincoln, aka mai da shi hedikwatar wata gunduma mai faɗin gaske, wadda mahayi zai kwana da kwanaki bai ƙure ta ba.

Na zo neman labarin yaro mai saurin zare bindiga. Abin da na tarar labarin kanti biyu ne.

Na farko yana bakin garin ta yamma, bene ne babba wanda ya fi kowane gini a titin. Lawrence Murphy, ɗan ƙasar Ailan, tsohon soja, shi ya gina shi a 1874, daga baya yaron kantinsa James Dolan ya gaje shi. Mutanen yankin ba sa ma kiran sunan kamfanin, "Gidan" kawai suke cewa. Ƙarfin Gidan daga kwangila yake. Kusa da Lincoln akwai barikin soja na Fort Stanton, akwai kuma keɓaɓɓen yankin da gwamnati ta tsugunar da Apache na Mescalero. Sojoji na bukatar nama da masara da ciyawar dawaki, Apachen da aka hana yawo da farauta su ma dole a ciyar da su. A duk faɗin gundumar gwamnati ce kaɗai mai sayen kaya da tsabar kuɗi, kuma Gidan ne ke riƙe da ƙofar. Manomi zai ɗauki gari da gishiri da iri bashi a farashin da Gidan ya yanka, in kaka ta yi ya kawo amfaninsa a farashin da Gidan ya yanka, shekara ta zagayo yana nan cikin littafin bashi. Shanun da ake kai wa gwamnati kuwa da yawansu na sata ne, ɓarayi irin su Jesse Evans ke koro su daga garken John Chisum, attajirin da shanunsa suka cika bakin kogin Pecos, su sayar wa Gidan a wulaƙance. An kuma zargi Gidan da ƙara yawan Apachen da yake ciyarwa a takarda. Duk wannan na tafiya ne don akwai ɗaurin gindi a Santa Fe, babban birnin New Mexico, inda wasu lauyoyi da 'yan siyasa, babbansu Thomas Catron, suka riƙe kotu da gwamnati.

Kanti na biyu yana tsakiyar titin, dogo ne, ƙasa ɗaya, da baranda. Mun shiga. Dabensa katako ne mai ƙara in ka taka, warin tsohon itace da ƙura ya cika shi, a kan kantoci har yanzu akwai kayan da suka kwana tun ƙarni na 19: takalma, kwalabe, fitilu, gwangwanaye da rubutunsu ya koɗe. Wannan shi ne kantin John Tunstall, saurayi ɗan Landan da ya iso yankin a 1876 da kuɗin mahaifinsa. Ya haɗa kai da wani lauya, Alexander McSween, suka buɗe kanti da ɗan banki, ya kama filin kiwo a bakin rafin Rio Feliz. A fim irinsa ne ake nunawa a matsayin mutumin kirki da azzalumai suka far wa. Wasiƙun da ya rubuta wa iyayensa sun nuna wani abu dabam: ya ce burinsa shi ne rabin kowace dala da wani zai samu a gundumar ta shigo aljihunsa. Ya zo ne ya ƙwace abin da Gidan ke ci, ba ya raba wa manoma ba. Duk da haka bai cancanci abin da aka yi masa ba.

Mafarin rigimar kuɗin inshora ne. Emil Fritz, tsohon abokin cinikin Murphy, ya mutu a Jamus a 1874 ya bar inshorar rai ta dala 10,000. McSween ne lauyan da ya karɓo kuɗin, ya ƙi sakin su, yana cewa in ya saki Gidan zai haɗiye. Dolan ya sa aka yi ƙararsa da cin amana, kotu ta ba da takardar riƙe dukiyarsa. Sherif na gundumar, wato shugaban 'yan doka, William Brady, mutumin Gidan ne, sai ya haɗa har da dukiyar Tunstall ya ce ai abokan tarayya ne. Ranar 18 ga Fabrairu, 1878, Tunstall na koro dawakinsa zuwa Lincoln tare da yaransa, ayarin da sherif ya tura, wanda har da su Jesse Evans a ciki, ya cim masa a wani kwazazzabo da yamma. Suka harbe shi a ƙirji da ka, suka harbe dokinsa. Shekararsa 24. A bayan kantin nan aka binne shi, na tsaya a gaban alamar da aka kafa.

Cikin yaran da ke tare da shi ran nan akwai Billy. Sunansa na yanka Henry McCarty. Mahaifiyarsa ta mutu da tarin fuka a Silver City a 1874 yana ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar, mijin uwarsa ya watsar da shi. Ya fara da ƙananan sace-sace, ya koma satar dawaki, a 1877 ya harbe wani maƙeri da ya danne shi a ƙasa a Arizona, ya gudo New Mexico ya sauya suna zuwa William Bonney. Siriri ne, mai fara'a, yana jin Sifaniyanci kamar ɗan gida, shi ya sa talakawan ƙauyukan suka riƙa ɓoye shi har ƙarshe. Watanni kaɗan ya yi yana cin albashin Tunstall.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya mini a rai. Yaran Tunstall ba daji suka shiga ba da fari. Wurin alƙalin sulhu na garin, John Wilson, suka je, ya ba su takardun kama waɗanda suka yi kisan, ya naɗa shugabansu Dick Brewer ɗan doka na musamman. Kenan a titi ɗaya akwai ƙungiya biyu, kowace da bindiga, kowace da takardar kotu a aljihu, kowace na kiran ɗayar 'yan fashi. A watan Maris suka kama mutum biyu daga cikin waɗanda ake zargi, William Morton da Frank Baker, ba su iso Lincoln da su a raye ba. Gwamna Samuel Axtell ya zo da kansa ya soke naɗin alƙali Wilson, da alƙalami ɗaya masu takarda suka wayi gari 'yan tawaye. Ranar 1 ga Afrilu da safe, Billy da wasu biyar suka yi kwanton ɓauna bayan katangar garkar kantin Tunstall, suka buɗe wa sherif Brady wuta yana tafe a titi, suka kashe shi da mataimakinsa George Hindman. Na tsaya daidai wurin. Tsakanin katangar da tsakiyar titin bai fi jifan dutse ba. Babu wani tsayuwar gaba da gaba, babu jiran wa zai riga wani zaro bindiga. Daga bayan katanga aka harbi mutum bai sani ba. Kwana uku bayan haka Brewer ma ya rasa ransa a wata musayar wuta a Blazer's Mill.

Ƙanena ya lura na yi shiru. Ya ce, "Yaya, gida kake tunawa ko?" Na ce masa ƙwarai. Ban ce ƙasarsu da tamu ɗaya ba ce, zamani ma ba ɗaya ba ne. Amma wanda ya ga yadda satar shanu ke haifar da 'yan sa-kai, 'yan sa-kai su haifar da ramuwar gayya, wanda ya san ɓarawon saniya ba ya sata sai ya san akwai mai saye a kara, ba zai taka wannan titi ya ɗauke shi wasan yara ba. Wani ɗan'uwanmu dare ɗaya aka kore masa garke, har yau in ya ga shanu na wucewa sai ya kau da kai. Shi ya faɗo mini a rai a gaban katangar nan.

Kusa da kantin akwai wani fili da babu komai a kansa sai ciyawa da allo ɗaya. Nan gidan McSween yake a da. A tsakiyar Yulin 1878 ɓangarorin biyu suka cika garin, suka kwana huɗu suna harbin juna daga tagogi da rufin gidaje. Ranar 19 ga wata Kanar Nathan Dudley ya shigo daga Fort Stanton da sojoji da igwa da bindigar Gatling mai aman harsashi, ya ce ya zo kare mata da yara ne. Wata guda kafin nan majalisar Amurka ta yi dokar da ta hana soja shiga aikin 'yan doka. Zuwansa ya tarwatsa mutanen McSween da ke wasu gidajen, aka bar na cikin gidan su kaɗai. Mutanen sabon sherif, George Peppin, suka cinna wa gidan wuta. Da yake ginin ƙasa ne wutar ba ta tashi gaba ɗaya ba, ɗaki ɗaki ta riƙa ci tun rana har dare, na ciki suna ja da baya. Susan, matar McSween, ta fito ta taka har sansanin Dudley ta roƙe shi ya ceci mijinta, ya ƙi. Da duhu ya yi, ɗaki ɗaya ya rage, Billy da wasu suka fito da gudu suka faɗa bakin rafi suka sha. McSween aka harbe shi a ƙofar baya. Tare da shi aka kashe Harvey Morris, mai koyon aikin lauya, da Francisco Zamora da Vicente Romero. Wani matashi, Yginio Salazar, harsashi ya same shi, ya kwanta cikin gawarwaki kamar matacce har masu nasara suka gama shagalinsu, sannan ya ja ciki ya tsira. Ya rayu har 1936.

Labarin ya kai Washington. Shugaba Rutherford Hayes ya tuɓe Axtell ya turo Lew Wallace, tsohon janar, wanda ya yi shelar afuwa ga kowa ban da waɗanda kotu ta riga ta tuhuma. Billy na cikin waɗanda afuwar ta tsallake, saboda Brady. A Fabrairun 1879, shekara guda cif da kashe Tunstall, aka harbe lauyan Susan, Huston Chapman, mai hannu ɗaya, a titin nan, Billy na tsaye yana gani, Dolan na wurin. Billy ya rubuta wa gwamna cewa zai ba da shaida in za a yafe masa. Suka gana da dare a gidan alƙali Wilson ranar 17 ga Maris. Yaron ya cika nasa alkawarin, ya yarda aka kama shi, ya tsaya ya ba da shaida. Mai gabatar da ƙara, William Rynerson, abokin Dolan ne, ya ƙi janye tuhumar, gwamna kuma bai sa baki ba. Billy ya gaji da jira ya hau doki ya koma satar shanu a wajejen Fort Sumner. A ƙarshen 1880 aka zaɓi Pat Garrett sherif, ya bi sawun Billy cikin dusar ƙanƙara, ya kashe abokan yaron biyu, Tom O'Folliard da Charlie Bowdre, ya kama shi a wata bukkar dutse a Stinking Springs ana gab da Kirsimeti. A watan Afrilu, 1881, kotun Mesilla ta yanke masa hukuncin rataya, aka sa ranar 13 ga Mayu.

Sai muka koma babban benen nan na bakin gari. A lokacin Gidan ya riga ya karye, gunduma ta saye ginin ta mai da shi kotu, a samansa aka tsare Billy da ankwa a hannu da mari a ƙafa. Matakalar ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa jerawa. A bangon ƙasanta akwai wani rami da ake nuna wa baƙi a ce na harsashi ne. Ranar 28 ga Afrilu, Garrett ba ya gari. Ɗaya daga masu gadin, Bob Olinger, ya tsallaka titi da sauran fursunoni zuwa otal ɗin Wortley cin abinci. Billy ya ce wa ɗayan, James Bell, zai zaga. A kan hanyar dawowa, a matakalar nan, bindiga ta shiga hannunsa ya harbi Bell, wanda ya fita waje da gudu ya faɗi ya mutu. Billy ya ja marinsa ya ɗauko bindigar Olinger mai baki biyu, ya tsaya a taga. Na tsaya a tagar ni ma. Ana ganin ƙofar otal ɗin sarai, ana ganin inda mutum zai biyo in ya ji harbi ya taho da gudu. A ƙasa, daidai ƙarƙashin tagar, akwai ɗan dutse da sunan Olinger a inda Billy ya harbe shi, can ta baya akwai na Bell. An shaidi Olinger da cin zalin fursunan, amma Bell kowa ya ce yana kyautata masa. Na daɗe a kan dutsen Bell. Mutum ne da ya fito aiki da safe. Billy ya yi kusan awa guda a barandar benen yana fama da marin ƙafarsa, mutanen gari na kallo, ba wanda ya ɗaga hannu, sannan ya hau doki ya fice.

Kafin mu bar garin na tambayi ma'aikaciyar da ke kula da ginin yadda sauran suka ƙare. Abin da ta faɗa mini ya yi daidai da abin da ke rubuce a allunan. Cikin duk waɗanda suka zub da jini a wannan rigima, Billy kaɗai kotu ta yanke wa hukunci. Murphy ciwon daji ya kashe shi a 1878. Kwamitin soja ya wanke Dudley. Dolan tuhumarsa ta bi ruwa, daga baya filin kiwon Tunstall na Rio Feliz ya dawo hannunsa, ya riƙe muƙamai, ya mutu a gidansa a 1898. Catron, wanda dukiyar Gidan ke jingine a wurinsa, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu filaye a Amurka, da New Mexico ta zama jiha a 1912 ya tafi majalisar dattawa. Wadda ta ba ni sha'awa ita ce Susan McSween. Ta fita daga tokar gidanta ba ta da komai sai bashi, ta kama kiwo, ta tara shanu dubbai, ta rayu har 1931.

Mun ratsa ta Fort Stanton da la'asar, muka yi salla a gefen filin faretin. Gine-ginen dutse ne farare kewaye da fili. An kafa barikin a 1855. A shekarun rigimar, da yawa daga sojojin dokin da ke nan baƙaƙen fata ne na runduna ta 9, wasunsu an haife su cikin bauta, aka ba su kaki aka turo su tsare Apache. Ban taɓa ganin baƙin mutum bisa doki a finafinan da muka kalla ba. Muka kwana a Roswell.

Washegari muka yi arewa zuwa Fort Sumner. Hanya ce miƙaƙƙiya, ba gari ba ƙauye, sai shingen waya da shanu jefi-jefi. A nan Garrett ya sami Billy daren 14 ga Yuli, 1881. Garrett na zaune cikin duhu a ɗakin kwanan Pete Maxwell, wani mai dukiya na garin, yana tambayarsa labari, sai ga yaron ya shigo ba takalmi, da wuƙa a hannu zai yanki nama. Ya ga inuwar mutum, ya tambaya da Sifaniyanci, "Wane ne?" Garrett ya harba sau biyu. Shekararsa 21. Almara ta ce ya kashe mutum 21, masana tarihi na lissafa takwas ko tara, wasunsu ma tare da wasu aka yi. Gidan Maxwell babu shi yanzu. Kabarin yana tsohuwar maƙabartar barikin, an kewaye shi da kejin ƙarfe saboda an sha sace dutsen kansa, mutane sun jejjefa sulalla da kwanson harsashi ta tsakanin sandunan. Motoci uku muka tarar, ana ta ɗaukar hoto. Hotonsa ɗaya da aka tabbatar nasa ne an sayar da shi dala miliyan 2.3 a 2011.

Da mun juya daga nan da na dawo gida da rabin labari. Ƙanena ne ya nuna wani gini can gaba kaɗan a kan hanyar, mai tsini kamar tanti, ya ce, "Yaya, mu leƙa wancan." Wurin tunawa ne da Bosque Redondo, sansanin da aka taɓa tsare 'yan asalin ƙasar a nan. Adireshinsa ma a kan titin da aka sa wa sunan Billy the Kid yake.

Barikin Fort Sumner ba don 'yan fashi aka gina shi ba. An gina shi ne don tsare mutane. Janar James Carleton ya ƙudura ya kwashe Apache na Mescalero da al'ummar Navajo, ana furta shi Nabaho, su kuma suna kiran kansu Dine, daga ƙasarsu ya tara su a nan ya mai da su manoma. Ya tura Kit Carson, wanda littattafan Amurka suka daɗe suna yabo a matsayin gwarzon bakin daji. A 1863 da 1864 sojojinsa suka bi Nabaho suna ƙone gonaki, suna karkashe tumaki, suna sare itatuwan marmari, har yunwa ta sa mutane suka miƙa wuya. Aka koro su a ƙasa, tafiyar kimanin kilomita 480, wasu ayarin ma hanyarsu ta fi haka, cikin sanyi, da tsofaffi da masu ciki da ƙananan yara. Jikokinsu har yau suna ba da labarin waɗanda suka kasa tafiya aka harbe su a hanya. Fiye da Nabaho 8,000 aka tara a nan, da Mescalero wajen 400 zuwa 500.

Mun taka har bakin kogin. Pecos a nan ba shi da faɗi, ruwansa ja-ja ne, a gefensa ƙasa ta yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa. Na tsoma yatsa na ɗanɗana, zartsi ne. Shi mutane suka sha shekara huɗu, yana ɓata musu ciki. Masarar da suka shuka tsutsa ta cinye, shekara bayan shekara. Itacen girki ya ƙare, sai an yi tafiya mai nisa a tono saiwa a ɗauko a baya. Comanche, wata al'ummar 'yan asalin ƙasar dabam, na kawo hari su kore ɗan abin da ya rage na dabbobi. Mescalero suka sulale cikin dare ɗaya a Nuwamban 1865 suka koma duwatsunsu. Nabaho suka zauna har 1868, wajen mutum 2,000 ko fiye suka mutu a wurin. Da Janar William Sherman ya zo da shawarar a kai su wata ƙasar dabam, shugabansu Barboncito ya ce yana roƙon kada a tura shi ko'ina sai ƙasarsa. Aka sa hannu a yarjejeniya ranar 1 ga Yuni, 1868, suka kama hanyar gida a ƙasa kamar yadda suka zo.

A nan zaren ya haɗu mini. Don a ciyar da waɗannan dubban tsararru ne Charles Goodnight da Oliver Loving suka koro shanu daga Texas a 1866 suka sayar wa gwamnati a Fort Sumner. Wannan kasuwa ce ta jawo su Chisum zuwa bakin Pecos. Irin wannan kwangila ce, ta ciyar da soja da mutanen da aka raba da ƙasarsu, Murphy da Dolan da Tunstall suka yi ta kashe-kashe a kanta bayan shekara goma. Gidan da aka harbe Billy a ciki ma tsohon masaukin hafsoshin barikin ne, mahaifin Pete Maxwell ya saya bayan an sallami Nabaho. Mu kuwa muna yara "Indiyawan daji" muke ce musu, in suka ɓullo bisa tudu a fim mu yi ta ihu muna jiran sojan doki su zo su karkashe su. Na tuna muryata a cikin masu ihun, abin ya dame ni ƙwarai.

A cikin ginin an ajiye wata wasiƙa da hannu aka rubuta. Wasu ɗalibai 'yan Nabaho ne suka zo wurin a 1990, suka tarar ba a faɗin komai na kirki game da kakanninsu, labarin Billy ya fi yawa. Suka rubuta ƙorafinsu, suka nemi a faɗi gaskiyar abin da ya faru, suka bar takardar a wurin. Ita ce ta tayar da maganar da ta kai ga buɗe wannan gini a 2005, kuma ɗan Nabaho ne, David Sloan, ya zana shi.

A waje, a tsakiyar fili, akwai tarin duwatsu da Nabaho ke kawowa daga ƙasarsu su ajiye in sun zo ziyara. Mun tarar da wata dattijuwa da yarinya, da alama jikarta ce, tsaye a wurin. Dattijuwar na magana ƙasa-ƙasa da harshensu, yarinyar na riƙe da ɗan dutse a hannu biyu. Muka ja baya muka ba su wuri. Ƙanena ya raɗa mini cewa in muna so mu isa Albuquerque kafin magariba sai mu kama hanya. Na ce ya ba ni minti biyar. Yarinyar ta durƙusa ta ɗora dutsenta a kan sauran, ya gangaro, ta sake ɗauka ta gyara masa zama.